Yadda Ake Haɗa Bencin Iroko Da Zai Jure Damshin Legas Ba Tare Da Ƙusa Ba

Kakana masassaƙi ne a wani ƙauye da ke yammacin Kano, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa sayen ƙusa don sana'arsa ba. Gatari da gizago ne kayan aikinsa. Ya shiga daji ya zaɓo kirya ko kaɗanya ya fafe turmi, ya fitar da taɓarya da muciya da akushi da ƙotar fartanya, icen aduwa kuma ya yi wa almajirai alluna. Kujerar tsugunno da kakata ke zama a kai tana tuƙa tuwo daga gungume ɗaya aka fitar da ita, ƙafafu da mazauni duka, kuma tana nan a gidanmu har yau. Ina ƙarami idan na ɗauki gizagonsa sai ya riƙe hannuna ya ce, "Sannu dai jikana, abin da gizago ya cire ba ya komawa."

Ni kuwa kafinta na zama, a nan Agege. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne bencinan da nake gani a teburan masu shayi da ƙofofin masallatanmu, daga Idi-Araba har Mile 12. An buga su da ƙusa cikin rabin yini, damina biyu ta wuce sun fara rangaji, ta uku a sa su a murhu. Iskar Ikko akwai gishiri da laima, ƙusa tana tsatsa a cikin katako, ramin da ta shiga ya buɗe, shi ke nan. A garin nan katako ne kaɗai ke iya riƙe ɗan'uwansa katako shekara da shekaru, kuma haɗin da zan nuna ba ya buƙatar wani inji mai tsada.

Sana'ar nan ta daɗe a ƙasarmu fiye da yadda yawancinmu ke zato. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani abu mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. Da aka gama tono shi a 1994 sai ga kwale-kwale, tsawonsa ya ɗara mita 8, masana suka auna shekarunsa suka samu kusan 8,000. Shi ne kwale-kwale mafi tsufa da aka gano a Afirka, kuma daga gungume ɗaya na dangin maɗaci aka fafe shi, kamar dai yadda kakana ke fafe turmi. Duk sanda na tuna wannan sai in ji tsigar jikina ta tashi. Ba banza ba ne garuruwan Hausa ke naɗa Sarkin Sassaƙa.

Legas ma tana da nata tarihin. A ƙarni na 19 bayin da suka sami 'yanci a Barazil suka dawo suka zauna a Popo Aguda, wajen dandalin Campos a cikin tsibiri, da yawansu magina ne da kafintoci, su suka yaɗa ƙofofi da tagogi masu haɗi da ado. Masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, aikin irin waɗannan hannaye ne. Wanda ya je sallar azahar a can ya ɗan tsaya ya ƙare masa kallo. Yarabawa kuma suna da gwanayen sassaƙa irin su Olowe na garin Ise, wanda aka kai ƙofar da ya sassaƙa wa fadar Ikere baje koli a Landan a 1924, ta zauna can gidan tarihi. Bencin da za mu yi ya ɗebo daga ɓangarorin biyu: awo da haɗi na kafinta, haƙuri da karanta icce na masassaƙi.

Kasuwa

Shekara da shekaru wanda ya bi ta gadar Third Mainland yana hango gungume jere a kan ruwa wajen Oko Baba a Ebute Metta, an ɗaure su an jawo su ta ruwa daga dazuzzukan Ondo da Edo da Delta. Gwamnatin jiha ta gina wa masu yankan katakon sabon matsuguni a Agbowa, can gaba da Ikorodu. Mai son falanki biyu ko uku ba sai ya je nesa ba, kasuwar katako ta Amu a Mushin ta wadatar, kuma kusan kowace unguwa akwai masu sari.

Iroko nake ba da shawara, wanda mu Hausawa ke kira loko. Gara ba ta cika son zuciyarsa ba, kuma ba ya yawan motsi idan yanayi ya canja. In ya yi tsada a nemi apa, wato kawonmu na gida, sai dai yana da nauyi da taurin kai. Mahogani ɗan'uwan maɗaci ne, yana da daɗin aiki, ya dace da bencin da zai zauna cikin ɗaki. Obeche da afara kuwa a bar su wa silin da kayan cikin gida; suna da sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado, ƙwaro yana shigarsu ya riƙa zubo da gari.

Tunda tsawon katakon kasuwa ƙafa 12 ne, benci biyu a tare ya fi riba. Ka sayi tu-bai-tuwal (kauri inci 2, faɗi 12) guda 1 don mazauni, tiri-bai-tiri (inci 3 da 3) guda 1 don ƙafafu, tu-bai-fo (inci 2 da 4) guda 3 don sandunan haɗi. Kada ka bari yaron shago ya zaɓar maka. Ɗaga bakin falankin zuwa idonka ka hango tsawonsa kamar mai saita bindiga, in ya murɗe ka ajiye. Duba bakinsa biyu ko akwai tsaga. Sannan ka lura da launi: zuciyar iroko ruwan ɗorawa ce idan sabon yanka ne, tana komawa ruwan ƙasa da daɗewa, gefen da ya yi fari-fari kuwa ɓangaren kusa da ɓawo ne, kuma shi ƙwaro ke ci. Falankin da farinsa ya yi yawa ba naka ba ne ko da an rage maka kuɗi. Yawancin masu sayarwa mata ne, kuma sun san kayansu sarai. Ka gaishe ta da "Alhaja" ko "Mama", ka faɗa mata aikin da za ka yi, sau da yawa ita za ta ce a jawo maka na ƙasan tari wanda ya daɗe a ajiye.

Bushewa, inda aka fi yin asara

Nan zan daɗe, domin nan na taɓa ƙonewa. Shekarun baya wani ɗan'uwa ya ba ni aikin gado da teburin amarya za a kai Kano. Biki ya matso, na sayi katako a hannun wani mai sari da ya rantse mini ya bushe, na sa a inji washegari. Kaya suka fito gwanin sha'awa, aka loda a mota cikin watan Nuwamba. Kafin hunturu ya fita saman teburin ya tsage tun daga baki har tsakiya, ana iya zura tsinken tsintsiya. Na biya, kuma kunyar ta fi kuɗin ciwo.

Dalilin shi ne katako yana shan ruwa daga iska yana kuma fitarwa, har sai ya daidaita da inda yake. A Legas, inda laima ke yawan haura kashi 80 cikin 100, katakon da ya gama bushewa a inuwa yana riƙe da ruwa kamar kashi 15 zuwa 18 cikin 100. A hunturun Arewa yana sauka ƙasa da kashi 10. Yana fitar da ruwa yana tsukewa, kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canjawa. Wanda ya gane wannan ya gane rabin kafinta.

Ga yadda za ka yi. Ka sami inuwa mai iska, ƙarƙashin rumfa, ba cikin rana ba, domin rana tana busar da fuska ta bar ciki ɗanye sai ya tsattsage. Ɗora bulo ka ɗaga katakon daga ƙasa kamar ƙafa 1. Tsakanin kowane falanki da na samansa ka gitta siraran sanduna busassu, tazarar ƙafa 2, kowace sanda daidai saman ta ƙasanta. Shafa tsohon fenti a bakunan biyu, saboda ta baki ruwa ya fi saurin fita. A sama ka danne da bulo. Sai ka yanki guntu kamar tsawon hannu, ka kai wa mai sikeli ya auna, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa. Kowace Juma'a ka sake aunawa. Ranar da ya yi mako 3 a jere nauyin bai ragu ba, katakonka ya isa aiki. Zai iya ɗaukar wata 2, zai iya fin haka idan damina ce ko katakon mai kauri ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanka da gyaran fuska

Kai katakon wurin masu injin filena su gyara fuska huɗu. Awon benci ɗaya ke nan: mazauni tsawo inci 60, faɗi 11, kauri 1½. Ƙafafu 4, kowace 2½ da 2½, tsawo 16½, amma yanzu ka yanke su a 17½, zan faɗi dalili. Dogayen sanduna 2, kauri 1¼, faɗi 3½, tsawo 48½. Gajeru na sama 2, kauri da faɗi ɗaya da dogayen, tsawo 7½. Gajeru na ƙasa 2, faɗi 2½, tsawo 7½. Sai sandar tsakiya mai faɗin 2½, ka bar ta a inci 52 tukuna. Idan an gama benci zai tashi inci 18 daga ƙasa, daidai zaman babba.

Ka ɗaure hanci da baki. Ƙurar iroko tana sa atishawa da ƙaiƙayin fata, mai asma kuwa tana iya tayar masa da ita. Wani lokaci kuma akwai farin abu kamar dutse a cikin naman icen, yana dakushe wuƙa nan take, saboda haka dutsen washi ya kasance kusa da kai.

Kayan hannu kaɗan ne: tef, sukwaya ta daidaita kusurwa, fensir da wuƙa mai kaifi, zarto mai ƙananan haƙora, cizal na fafe rami mai faɗin inci ⅜ da wani mai faɗin inci 1, gudumar katako, abin huda, kilam na matse katako ko igiya mai ƙarfi, gam ɗin katako da samfefa.

Rami da harshe

Haɗin sunansa a bakinmu rami da harshe, wasu na cewa mace da namiji. Ana fafe rami a jikin ƙafa, a fitar da harshe a bakin sanda, ɗaya ya shige ɗaya.

Jera ƙafafun huɗu a tsaye kamar yadda za su zauna, fuskokin da suka fi kyau suna kallon waje, ka sa musu lamba a kai. Kowace ƙafa za ta sami rami 3: biyu a sama a fuskokin ciki, ɗaya na doguwar sanda ɗaya na gajeriya, sai na uku a ƙasa, inci 5 daga daɓe, na gajeriyar ƙasa. Auna inci 16½ daga ƙasan ƙafa ka ja layi, nan ne ainihin samanta. Ramin sama zai fara inci ¾ ƙasa da wannan layi, tsawonsa 2½, faɗinsa ⅜, zurfinsa 1⅜. Ramin ƙasa tsawonsa 2. Rarar incin nan da muka bari a sama ita ke hana kan ƙafar fashewa lokacin da kake dukan cizal. Sai an gama haɗi za a yanke ta.

Abin da ke ruɗa sababbin hannu: kada ka sa ramin a tsakiyar ƙafa. Matsar da shi ya zama inci ½ daga fuskar waje. In ka sa su a tsakiya, ramukan sama biyu za su haɗu a ciki, harsunan su yi karo, dole ka gajarta su, ƙarfin ya ragu.

Ka ja layukan da wuƙa, fensir yana da kauri. Huda ramuka jere a cikin layin da abin huda, ka naɗa ɗan tef a jikin bakinsa don ka san inda zurfin ya tsaya. Sannan ka ɗauki cizal. Fara daga tsakiya kana matsowa baki, bayan cizal ɗin yana kallon layi, kuma ka bar ɗan siririn nama a bakin ramin sai a ƙarshe ka sare shi a tsaye da duka ɗaya. Kada ka yi amfani da bakin ramin wajen banƙaro ɓarɓashi, zai lotsa. Rami 12 ne a ƙafafun benci ɗaya. Na farko zai cinye maka rabin awa, kafin ka kai na takwas hannunka ya gane hanya.

Harshe kuma tsawonsa inci 1¼ a kowane baki, kaurinsa ⅜ a tsakiyar sandar. Layin da harshe ya tsaya shi ake kira kafaɗa, kuma kafaɗa ce ke hana benci rangaji, ba gam ba. Tsakanin kafaɗa da kafaɗa a doguwar sanda inci 46, a gajeru inci 5. Haɗa sandunan da suke tsawo ɗaya ka ja musu layin kafaɗa a tare da sukwaya, don kada ɗaya ta fi ɗaya ko da kaurin farce. Yanka da zarto ta gefen da za a zubar, ka bar layin a jikin aikin. A sandunan sama ka rage ¾ daga saman harshen da ¼ daga ƙasansa, a na ƙasa ¼ kowane gefe.

Maigidan da ya koya mini, wani dattijo Bayarabe da ke jin Hausa kamar jakin Kano, yakan karɓi haɗina ya tura harshen da tafin hannu. In ya faɗa da kansa ya ce, "Ɗana, wannan ya yi sako-sako." In sai da guduma mai ƙarfi ya ce, "Wannan zai fasa ƙafar." Wanda yake so shi ne mai shiga da turin hannu da ɗan bugu kaɗan, kuma in ka ɗaga sandar ƙafar ta biyo ta ba ta faɗi ba. In ya matse, fere shi da faffaɗan cizal kaɗan-kaɗan kamar mai fere rake. In ya yi sako-sako, manna masa siririn katako da gam ka sake ferewa.

Gwaji kafin gam

Haɗa komai ba gam. Yanzu ne za ka auna tsakanin gajerun sandunan ƙasa biyu ka sami ainihin tsawon sandar tsakiya, ka fitar mata da harshe a kowane baki, ka fafe rami a tsakiyar kowace gajeriya wanda ya ɓulla waje. Auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, aikin ya miƙe.

Sai ƙusar itace, wadda ita ce sirrin haɗin. Warware komai. A fuskar waje ta kowace ƙafa, daidai kowane haɗi, inci ⅝ daga bakin da kafaɗa ke zama, huda rami mai faɗin ¼ ya ratsa ta cikin ramin harshe ya shige ɗaya gefen. Mayar da harshen, zura bakin abin hudar ka ɗan danna ya bar alama, ka zare. Kada ka huda kan alamar. Matsa kusa da kafaɗa da kamar kaurin tsinken ashana, can za ka huda. Idan aka buga ƙusar itace, sai ta lanƙwasa kaɗan tana neman hanya, ta jawo kafaɗa ta manne da ƙafa gam. Ko gam ɗin ya saki bayan shekaru, haɗin yana nan. Ƙusoshin ka tsaga su da cizal daga busasshen guntu mai miƙaƙƙen nama, kada ka yanka da zarto, ka fere bakinsu kamar fensir.

Iroko yana da ɗan maiƙo, don haka goge harsuna da ramuka da tsumma mai tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, kafin ka shafa gam. Fara da gefe biyu: ƙafa 2 da gajerunsu, ka matse, ka buga ƙusoshi, ka bar su su kwana. Washegari ka haɗa dogayen sanduna da ta tsakiya a lokaci guda. In ba ka da dogon kilam, zagaya igiya sau biyu ka sa sanda a tsakiya ka murɗa, ka sa kwali a kusurwoyi kada igiya ta ci katakon. Sake auna kusurwa zuwa kusurwa kafin gam ya kama, ka goge wanda ya tsatso da jiƙaƙƙen tsumma. Bayan ya bushe ka yanke rarar kan ƙafafu da ta ƙusoshi.

Mazauni

Kada ka manna mazauni da gam, kuma kada ka kafe shi ta ko'ina. Abin da ya fasa teburin amaryar nan ke nan bayan ɗanyen katako. Dubi zoben da ke bakin falankin ka sa gefen zuciyar icen ya kalli sama, don in zai lanƙwasa ya yi tudu ruwa ya gangare. Kife shi a ƙasa, ɗora ƙafafun a kai, rara inci 4½ a kowane baki da ½ a gefe. Manna ƙananan katakai 6 a cikin dogayen sanduna, 3 kowane gefe, ka huda su da rami mai ɗan tsawo ta wajen faɗin benci, ka ɗaura sukurori ta ciki zuwa mazauni. Tsawon ramin nan shi ke ba katako damar numfashi. Nan kaɗai ƙarfe ya shigo aikin, kuma a nemi sukurun tagulla ko wanda ba ya tsatsa.

Goge da samfefa lamba 80, sai 120, sai 180, kullum kana bin tsawon naman icen. Kashe kaifin gefuna, musamman inda bayan gwiwa ke taɓawa, kada ya ci wa mutane riga. Bencin waje man linsid ya fi masa, shafi 3, kwana ɗaya tsakani, kana goge rarar bayan minti 20. Fanish yana ɓarewa a rana da ruwa. Ƙasan ƙafafu ka tsoma su cikin man su sha sosai, ka kuma fere gefunansu kaɗan don kada su tsage idan ana jan benci a siminti. Tsumman da ya sha man linsid kuwa kada ka dunƙule shi ka jefa cikin ɓarɓashi, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. Jiƙa shi da ruwa ko ka shanya shi a buɗe. Mun ga gobarar kasuwannin katako a garin nan ta ishe mu.

In bencin Arewa za shi, ka bar sukurorin da ɗan sassauci, a ajiye shi a inuwa, a sake ɗaure su bayan hunturu ya wuce.

Za ka ga guntun tu-bai-tuwal kamar ƙafa 2 ya rage, da ragowar tu-bai-fo. Ni yaran shagona nake ba su. Kowanne ya fitar da kujerar tsugunno mai tsayin inci 8, ƙafa 4, rami da harshe, kafin in yarda ya taɓa ƙafar benci. Ta ƙarshe da aka yi, mai ƙosan bakin layinmu ce ke zama a kanta kowace safiya.